Sha-ka-fashe, bilicin da hotunan 'yan fim: ga amsoshina, a karanta kafin a sake tambayata

Shekara 11 ke nan ina tsaye bayan kanta a wata farmasi nan Yamai, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum, a wurin aiki, a wurin biki, a foyandi, har cikin dare ta WhatsApp wata za ta turo mini hoton 'yar fim ta ce Tanti mi take sha. Na gaji da maimaitawa wallahi. Na rubuta su wuri guda, wadda ta sake tambayata wanga rubutu zan tura mata.

Tanti mi 'yan fim suke sha jikinsu ya cika haka?

Ba ki ga jikinta ba, hoto kika gani. Akwai filta, akwai fitila, akwai mai kwalliya da aka biya, akwai ciko da ake sawa ƙarƙashin kaya wanda ke kanki kin san inda ake saida shi a Babbar Kasuwa, kuma hoto 40 aka ɗauka aka zaɓi guda.

Akwai maganin ƙara hips ko mama kaɗai, banda ciki?

Babu. Ƙwaya ba ta san hanyar ƙugu ba. Duk mai ce miki akwai kuɗinki yake so.

To wata ta sha kuma na ga ta yi ƙiba da idona

Ta kumbura. Abin da ake ce ma sha-ka-fashe galibi abu biyu ne. Na farko cyproheptadine, asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, sai dai yana buɗe ciki yana sa barci, shi ne cikin yawancin siro ɗin cin abinci da kuke saye. Na biyu dexamethasone, wanda kuke ce ma dekza, shi kuwa magani ne mai ƙarfi da lokotoro ke bada wa ga mai asma ko kumburi mai tsanani, na 'yan kwanaki, da lissafi. In aka daɗe ana shan shi jiki na riƙe ruwa da gishiri, fuska ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance don naman jikin ne ke narkewa. Sai nankarwa manya masu ja a ciki da cinya, sai tansiyo, sai suga, sai ƙashi ya yi laushi, al'ada ta rikice, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Na sha ganin yarinya 'yar shekara 22 ta zo da odonas ɗin maganin hawan jini, in dubi fuskarta in gane tun kafin ta buɗe baki. Garin neman ƙiba aka samo abin da ya fi rama.

Ai 'yan fim su suka fito da kansu duniya, mi ya sa ba za a faɗi ra'ayi a kan jikinsu ba?

Wagga tambaya ita ke ɓata mini rai fiye da duka, kuma mata ne suka fi yi mini ita. Sana'arta ta fito da ita. In wasanta bai yi ba ki ce bai yi ba, in waƙarta ba daɗi ki ce ba daɗi, in ta yi tallan maganin banza ki tsawata mata kuma ni ma zan taya ki. Amma wuyanta da tumbinta da ƙasusuwan kafaɗarta mi ya haɗa ki da su? Ba ki san abin da ke cikin jikin mutum ba.

Chadwick Boseman, ɗan wasan Amurka baƙar fata, cikin watan Afirilun 2020 ya fito a wani bidiyo ya rame ƙwarai, mutane suka yi ta yi masa ba'a a intanet, wasu na cewa ƙwaya yake sha. Ran 28 ga Agusta na shekarar ya mutu yana da shekara 43, sannan duniya ta ji ashe tun 2016 yake fama da kansar hanji, yana zuwa asibiti yana komawa wurin aiki bai gaya ma kowa ba sai na jikinsa. Selena Gomez mawaƙiya tana da ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin, an yi mata dashen ƙoda a 2017, aka yi ta zaginta wai ta yi ƙiba har sai da ta fito a 2023 ta yi bayani cewa magungunan da take sha ne ke sa jikinta riƙe ruwa. Ku duba fa, mace mai ciwo sai da aka tilasta mata ta buɗe sirrin lafiyarta gaban duniya don a bar ta ta sarara. Adele ta Ingila shekaru ana ce mata ta cika ƙiba, da ta saka hoto a watan Mayun 2020 ta rage jiki sai wasu suka koma cewa ta ci amanar masu ƙiba. Bakin ɗan Adam ba a iya masa.

Kuma namu na Kannywood da mawaƙanmu na nan gida haka ake yi musu dare da rana. Ta rame, an ce ciwon zamani ne ko miji ya sake ta. Ta yi jiki, an ce ciki ne ko allura ta yi. Ta yi haske an ce bilicin, ta yi duhu an ce kuɗi sun ƙare. Mace ta haihu wata uku ta fito a bidiyo a ce ta tsufa ta zube, ku da kuka san mi haihuwa ke yi ma jiki, ku ne kuma kan gaba wajen rubutawa.

Amma ai ba ta ganin abin da na rubuta

Ko ba ta gani ba ɗiyarki na gani. Ƙanwarki mai irin jikin nan na zaune gefenki lokacin da kike dariya kina cewa dubi wannan kamar sandar rake, ita kuma ta ji, ta adana, gobe sai ga ta gabana da jikka guda tana neman siro ɗin cin abinci. Ni nake ganin inda maganganunku ke ƙarewa, shi ya sa nake zafi.

Kuma mu musulmi ne. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana mata su yi ma mata izgili, da sunanmu aka ambata. Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau itace iska ta buɗe ƙwaurinsa sirara sahabbai suka yi dariya, Annabi SAW ya ce musu ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Portabul bai canza hukuncin gulma ba.

Wane sabulu ke sa haske ba tare da illa ba?

Babu sabulun da zai canza miki launi bai taɓa lafiyarki ba. In ya canza, da wani abu a ciki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Na shekara uku ina shafa mai kuma ina shan ƙwayoyin ƙiba, yanzu ina so in bari amma in na bari kwana biyu sai jikina ya mutu fuskata ta yi ƙuraje. Ya zan yi?

To ke ki zauna, ke ce na fi so in yi magana da ke, kuma ba zan yi miki faɗa ba don wadda ta ce tana so ta bari ta riga ta yi rabin aikin. Amsar ba guda ba ce, ta danganta da abin da kike sha da abin da kike shafawa da tsawon lokacin, shi ya sa ba zan iya rubuta miki sha kaza bar kaza a nan ba, kuma duk wanda ya rubuta miki haka bai gan ki ba kar ki bi.

Abu na farko, in dekza ce ko wani ɗan uwanta irin su prednisolone ko betamethasone, KAR ki tsaya rana ɗaya. Na san wannan ya saɓa da abin da kike tsammanin zan ce. Akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu a saman ƙoda da ke yi ma jiki wani sinadari da ake ce ma cortisol, shi ke riƙe miki hawan jini da suga da ƙarfin jiki. In kina zuba ma jiki irinsa daga waje fiye da 'yan makonni sai gaɓoɓin su kwanta barci, su daina aiki. Ranar da kika yanke gaba ɗaya jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki, shi ne mutuwar jikin da kike ji, da jiri da amai da ciwon gaɓoɓi, kuma ga wasu jini na iya faɗuwa ƙasa har ya kai ga rai. Ana rage shi ne sannu sannu, wata makonni wata watanni, kuma lokotoro ne zai tsara miki. In kuwa cyproheptadine ce kaɗai to abin ya fi sauƙi, galibi ana iya bari, cin abinci zai ragu barci ya ɗan rikice na wani lokaci. Matsalar ita ce da yawanku ba ku san mi kuke sha ba, an ƙulla muku ƙwayoyi ja da fari da kore a leda wurin 'yan akwaku ko wata Hajiya ta haɗa muku a gora ta ce na itace ne zalla, alhali sau da yawa an daka dekza a ciki. In ba ki da tabbas, ki ɗauka akwai ta, ki bi ta hanyar likita.

Na biyu man shafawa. Shi ma kala kala ne. Akwai masu clobetasol ko betamethasone, 'yan tub ɗin nan da ake matsewa cikin babban kwalban mai a juya, su ma dangin dekza ne, kuma in kina shafe jiki duka safe da dare shekara da shekaru suna ratsa fata su shiga jini su yi irin aikin da ƙwaya ke yi, don haka mai shafa su da yawa ita ma tana iya buƙatar a rage mata a hankali. Su ne in kin bari fuska ta yi ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi da ƙuraje, sai ki tsorata ki koma. Wannan tashin yana wucewa, amma yana iya ɗaukar makonni kuma akwai abin da likitan fata zai ba ki ya sassauta. Akwai masu hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sawa cikin kayan kwalliya tun 2001, shi ne in an daɗe yake kawo baƙin tabon nan mai kauri a kumatu da gefen ido wanda ke da wuyar fita. Akwai kuma masu mercure, wani ƙarfe mai guba, wannan ba wani rage wa a hankali, a daina yau, don ƙoda yake ci da jijiyoyi kuma yana kai wa ga jinjiri a ciki da wanda ke shan nono. Kodibuwa ta hana irin mayukan nan a 2015, Ruwanda ma ta bi kasuwanni tana kwashewa, ba don ƙiyayya da mata suka yi ba.

Abin da nake ce ma wadda ta zo gabana shi ne ta tattara komi, kwali da tub da leda da gora, ta sa a jaka ta tafi da su wurin lokotoro, in da hali likitan fata, muna da su nan Yamai, in ba hali ta fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarsu, su tura ta gaba. Ki faɗi gaskiyar shekarun, kar ki ce wata biyu alhali shekara uku ne, kunyar minti biyar ce. Ki nemi a auna miki tansiyo da suga, in an ce a yi analiz na ƙoda ki yi. In kina da ciki ko kina shayarwa ko ana shirin yi miki aiki, ki faɗa ma sajfam da mai tiyata tun kafin su tambaya, don fatar da ta sha bilicin ta yi siriri ba ta riƙe ɗinki da kyau, kuma mai shan dekza akwai shirin da ake yi mata kafin a shiga da ita.

Sannan ki shirya zuciyarki don ba zan yi miki ƙarya ba. Za ki yi duhu, watakila na ɗan lokaci ma ki fi yadda kike da can kuma ba daidai ba, wani wuri ya riga wani. Kumburin zai sauka kayanki su yi miki yawa. Nankarwa tana dusashewa amma ba ta ɓacewa duka. Launi yakan daidaita cikin watanni, wata ta fi wata sauri. Man kaɗe tsantsa da sabulu marar ƙarfi sun ishe ki, ki guji ranar tsaka musamman watan Afirilu da Mayu da zafin garin nan ke wuce 40, ki sa lulluɓi ko ki riƙe lema, in kina da halin man kare rana ki saya. Kuma mutane za su yi magana, a wurin suna za a ce lafiya kuwa, ko maigida ya yi amarya ne. Ki tanadi amsa guda gajera, ki ce likita ya hana ni, ki wuce. Ki samu mutum ɗaya a gida, uwa ko ya ko aminiya, da ta san abin da kike ciki don ranar da madubi ya ba ki tsoro ta hana ki komawa. Na ga waɗanda suka bari suka warware sarai, na ga waɗanda suka koma sau biyu kafin su iya, duk ba abin kunya ba ne, ki dai sake farawa.

Allurar haske fa?

A'a. Kar ki bari kowa ya sa miki ruwa a jijiya a cikin ɗaki ko shagon kitso.

In na samu kuɗi in je waje a yi mini aiki?

Tiyata tiyata ce ko a ina. Stella Obasanjo matar shugaban Najeriya ce lokacin, a Sipaniya aka yi mata aikin rage kitse a watan Oktoban 2005 kuma ba ta dawo da rai ba. Kuɗinki bai kai nata ba.

Mijina ne ke nuna mini hotunan 'yan fim yana cewa dubi mata

Wannan ciwo ne kuma na san yana ci, kar wanda ya ce miki wasa ne. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki gaya masa a fili abin na ƙona miki rai. Ku kuma maza da ke zaune a fada kuna shan shayi kuna miƙa ma juna portabul, da ku nake. Matar da ta haifa maka uku ta shayar da su, tana tashi tun asuba, ita kake aunawa da hoton da kwamfuta ta gyara? Ranar da ƙodarta ta tsaya kai ne za ka yi ta safa da marwa a asibiti kana neman kuɗin wankin ƙoda. In kana son ta yi kyau ka sauke mata wahala, ka kawo cefane mai kyau, ka bar ta ta yi barci.

Ke kuma 'yar uwa, na sha ganin wadda ta yi fari ta yi ƙiba don miji kuma ya je ya auro baƙa siririya. Ki yi wanka ki yi kwalliya ki yi ƙamshi ki sa lalle, duk wannan naki ne kuma halal ne. Lafiyarki kuwa kar ki miƙa ta.

Wai ba Turawa suka kawo mana wannan damuwar ba?

Rabi. Son mace mai jiki namu ne tun kaka da kakanni, 'yan uwanmu Zabarmawa na da hangandi inda mata ke cin abinci su yi ƙiba a yi gasa, a Muritaniya har ɗura ake yi ma 'yan mata kafin aure, mu ma amarya in ba ta cika ba dangin miji sai sun tanka. Abin da ya canza shi ne da can da hura da nono da tuwo ake nema, kuma da matan unguwarku kaɗai za a gwada ki. Yanzu ƙwaya ake sha, kuma yarinya na kwance a ɗaki a Talladje ana gwada ta da matan duniya duka, a ce ta yi ƙugun wata ƙasa da cikin wata ƙasa da farin wata ƙasa a jiki ɗaya. Su kansu masu Instagram sun sani, a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da ke jin ba daɗi game da jikinsu sun ce dandalin na ƙara musu. Faransa tun 2017 ta sa doka duk hoton talla da aka gyara surar jikin mai tallan sai an rubuta an gyara. Mu nan ba mai rubuta mana, sai mu koya ma 'ya'yanmu da baki.

Ɗiyata 'yar shekara 14 ta ce ita baƙa ce ba ta da kyau

A ina ta ji? Ki fara bincika cikin gidanki. In ana ce ma ƙanwarta fara mai kyau ita ana ce mata baƙa ƙirin ko da wasa, in tana ganin kwalabenki a kan madubi, to ba TikTok kaɗai ba ne. Ki nuna mata Lupita Nyong'o 'yar Kenya da ta ci kyautar Oscar a 2014, ita da bakinta ta faɗa a wani taro a shekarar cewa tana yarinya addu'a take Allah ya sa ta farka ta ɗan yi haske, har sai da ta ga Alek Wek 'yar Sudan ta Kudu, baƙa wuluk, duniya na yaba kyanta sannan ta fara ganin nata. Yaro na buƙatar ya ga mai kama da shi ana yabo. Ki yabe ta ke ma, ba kan fuska kaɗai ba, kan karatunta da hannunta a girki da hankalinta. Ki karanta mata aya ta 22 a Suratur Rum inda Allah ya sa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. In kin ga ta fara ƙin abinci ko tana ɓoye wani mai a jakar lakol, kar ki dake ta, ki zauna da ita, in abin ya ci tura ku je asibiti.

To a bar jiki haka nan ke nan ko da ƙiba ta yi yawa?

Ban ce ba. Yarda da jikinki daban, sakaci daban. In gwiwa na ciwo, kina haki daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ki je a auna ki, ki rage sukari da lemun kwalba da mai, ki riƙa tafiya da sanyin safiya. Haka in kina ramewa ba dalili, kar ki sayi siro, ki je a duba suga da tarin fuka da tsutsar ciki da maƙoƙo da sauransu, rama alama ce wani lokaci. Amma in ke siririya ce tun tasowarki, uwarki haka, innarki haka, kina cin abinci kina aikinki al'adarki na zuwa daidai, to ƙalau kike ɗiyata, ba abin da za a gyara.

Tanti ko za ki sayar mini da dekza ba odonas, sau ɗaya kawai, bikin ƙawata ya matso?

A'a. Ki kai ma tela ya rage miki inifom ɗin daidai jikinki.